Kurakuran da aka fi yi wajen sa Kali a waya da Raspberry Pi

Koken sabbin shiga harkar Kali, wato nau'in Linux da ake gwajin tsaron kwamfuta da shi, ba ya canzawa: waya ta maƙale a kan tambari, adaftar Wi-Fi ta ƙi shiga monitor mode (yanayin sauraron duk saƙon Wi-Fi da ke wucewa), Pi, wato ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi, yana mutuwa da kansa ana cikin aiki. Kusan duka tushensu ɗaya ne. Mutum ya sauke manhaja tun bai san na'urar da zai ɗora ta a kai ba, alhali Kali ba ta ƙara wa na'ura abin da ba a ƙera ta da shi ba.

Mu fara da wanda ya fi cin dukiya, wato zuba wa waya kernel (zuciyar manhajar da ke tafiyar da ita) wanda ba nata ba. NetHunter, wato Kali ta wayar Android, iri uku ce. Rootless tana gudana a cikin Termux, manhajar buga umarnin Linux a waya, ba ta neman root, wato cikakken iko a kan wayar, amma hannunta ba ya kaiwa ga kayan cikin wayar, don haka ka manta da monitor mode. Lite tana neman root kawai. Cikakkiyar kuwa sai da root da kuma kernel da aka gina don wannan samfurin wayar, a kan wannan sigar Android ɗin. Kalmar "wannan" ita ce mutane ke tsallakewa. Sai ka ga mai Tecno ko Infinix ya sauko da fayil ɗin OnePlus, wai ai duk Android ce. Wane irin ganganci ne wannan? Kernel ne ke magana da allo da batir da eriya, idan ka ba waya na wata, ba za ta ma tashi ba balle ta gaya maka abin da ke damunta. Yawancin wayoyin da ke cikin jerin NetHunter na OnePlus ne da Nexus da Samsung da Xiaomi. Idan taka ba ta ciki, ka tsaya a Rootless ko Lite, ba abin kunya ba ne.

Kuma don Allah a daina yin wannan gwaji da wayar da ake harkar banki da ita. Buɗe bootloader, wato manhajar da ke tayar da waya, yana goge komai da ke cikin waya. A Samsung yin root ko zuba kernel na waje yana ƙona alamar Knox, tsarin tsaron wayar, ba ta kuma dawowa ko ka mayar da komai yadda yake. Manhajojin banki da yawa suna ƙin buɗewa da zarar sun ga root. Ƙa'idata ita ce waya ta biyu, ko da tsohuwa ce. Kafin a taɓa komai a sauko da cikakkiyar firmware ta asali, wato manhajar da kamfani ya sa wa wayar, mai lamba iri ɗaya da wadda ke kan wayar, a ware boot.img a ajiye a kwamfuta. Idan wayar MediaTek ce a kwafe sassan ma'ajiyarta masu suna nvram da nvdata, domin a nan IMEI, lambar shaidar wayar, yake, idan ya tafi layi ba zai sake kamawa ba. Wanda ya tsallake wannan mataki, shi da mai gyara a kasuwa.

Na biyu shi ne sayen adaftar Wi-Fi da sunan da ke jikin kwali. TP-Link TL-WN722N ta yi suna ne saboda sigar farko, v1, mai ɗauke da chip ɗin Atheros AR9271. Sigogin v2 da v3 Realtek RTL8188EUS ne a ciki, suna ɗaya, kama ɗaya, aiki daban, kuma su ne suka cika shaguna. Ka duba lambar siga a bayan adaftar, ko ka soka ta ka buga umarnin lsusb. Idan AR9271 ce za ka ga 0cf3:9271. Daga nan iw list zai nuna ko monitor na cikin yanayin da take karɓa, sannan aireplay-ng --test ya tabbatar tana iya tura fakiti. AR9271 a 2.4GHz kaɗai take ji. Mai son 5GHz, ni MT7612U nake nuna masa, irin wadda ke cikin Alfa AWUS036ACM, saboda direbanta na cikin kernel ɗin Linux tun asali. RTL8812AU tana aiki, sai dai a tsofaffin kernel direbanta daga waje ake gina shi, kuma yakan karye idan aka sabunta kernel. A waya kuwa, ko adaftar ta fi kowace kyau, idan kernel ɗin wayar ba shi da direbanta aikin banza ne.

Sai wuta, wadda ake ɗora laifinta a kan Kali kullum. Pi 4 na son 5.1V da 3A. Pi 5 na son 5A, idan bai samu ba sai ya rage abin da yake ba ramukan USB zuwa 600mA, adafta mai ƙarfi ta riƙa ɓacewa tana dawowa. Cajar waya da siririn kebul ba za su ɗauka ba. Da wuta ta sauka ƙasa da 4.63V Pi zai rage gudu. Ka buga vcgencmd get_throttled: 0x0 lafiya, 0x50005 kuwa yana nufin a yanzu haka wuta ba ta isa. Gajeren kebul mai kauri, caja ta ainihi, adafta kuma a kan hub mai wutarsa. Zafi ma haka, Pi yana fara ja da baya daga digiri 80, kuma a watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri akwatin roba marar fanka ba zai daɗe bai kai nan ba.

Sauran ƙanana ne. Katin memori na jabu yana nuna 64GB ya cinye bayanai bayan kaɗan, a gwada shi da f3 ko H2testw kafin a rubuta komai. Zare wuta ba tare da sudo poweroff ba yana lalata kati. Termux a ɗauko ta daga F-Droid ko GitHub, ƙarin manhajojinta ma daga wuri ɗaya, don sa hannun dijital na wuraren biyu ya bambanta. Idan Termux na mutuwa da "signal 9", Android 12 zuwa sama ce ke kashe ayyukan bayan fage da suka haura 32, ana ɗage wannan iyaka da adb, manhajar sarrafa Android da umarni. Nmap, manhajar binciken network, ba tare da root ba ba ta yin -sS, a yi amfani da -sT da -Pn. Pi 4 ba shi da agogo mai batir, idan apt, manhajar da ke sauko da manhajoji, ta ce fayil bai fara aiki ba tukuna, kwanan wata ne ya kauce. Kada a cusa ma'ajiyar Ubuntu ko Debian cikin sources.list na Kali. A canza kali/kali, wato suna da kalmar sirrin da Kali ke zuwa da su, a ranar farko, musamman da yake SSH, hanyar shiga na'ura daga nesa, a buɗe yake zuwa a Kali ta Pi.

Wurin gwaji kuma naka ne kaɗai: tsohuwar rauta da ka saya, da DVWA ko Metasploitable, manhajojin da aka yi su da rauni da gangan don koyo, a kwamfutarka. Wi-Fi na maƙwabci ko na makaranta ba filin koyo ba ne. A Najeriya dokar laifukan intanet ta 2015 ta haramta shiga na'urar wani ba da izini ba, don haka ko aikin kuɗi aka ba ka, ka karɓi izinin a rubuce, da adireshin na'urorin da aka yarda ka taɓa da ranakun da za ka yi aikin.