Yadda Ake Gwada Agogon Zamani a Gane Ko Nisan da Yake Nunawa Daidai Ne

Mutum biyu za su tashi daga Aboabo a Kumasi bayan sallar asuba, su yi gudu kafaɗa da kafaɗa har ƙofar jami'ar KNUST su dawo, agogon ɗaya ya nuna kilomita 10, na ɗayan ya nuna 10.4. Sai gardama ta kaure. Akasari babu agogon da ya lalace a cikinsu. Kowane agogo yana da nasa kuskuren, kuma ana iya auna kuskuren nan a rage shi.

Mataki na farko: san irin agogon da ke hannunka

Agogunan nan iri uku ne. Akwai mai GPS a jikinsa, wanda yake karɓar siginal kai tsaye daga taurarin ɗan'adam. Akwai wanda yake aron GPS na wayarka ta Bluetooth. Akwai kuma wanda ba shi da ko ɗaya, taku kawai yake ƙirgawa ya ninka da tsawon takun da ya ƙiyasta maka. Da yawa daga cikin masu araha da ake sayarwa a Adum da Kejetia suna cikin iri na biyu ko na uku, ko da kwalinsu ya cika baki. Gwajin mai sauƙi ne: bar wayar a gida, kewaya unguwa na minti goma, ka dawo ka haɗa agogon da manhajarsa. In taswirar hanyar da ka bi ta fito, agogon yana da GPS nasa. In lamba kawai ka gani babu taswira, ko dai mai aron na waya ne ko na ƙirgen taku.

In mai aron na waya ne, kada ka tura wayar can ƙasan jaka ko aljihun wando na baya, kuma ka cire manhajar daga jerin waɗanda wayar take kashewa don tattalin batir. Wayoyin Android da yawa suna yin haka da zarar fuskarsu ta mutu, sai ka ga layi miƙaƙƙe ya ratsa gidajen mutane a taswira, nisan ya ragu.

Mataki na biyu: bari ya kama siginal sosai kafin ka tashi

Taurarin GPS suna kewaya duniya a nisan kilomita 20,200 daga ƙasa, kuma agogo yana bukatar aƙalla huɗu kafin ya san inda kake. Siginal ɗin da ya yi wannan doguwar tafiya yana isowa da rauni ƙwarai, eriyar agogo kuwa ƙarama ce. Shi ya sa gaggawar danna maɓallin farawa ita ce babbar hanyar ɓata kilomita ta farko.

Haɗa agogon da waya tun daren jiya ko da safe kafin ka fita. Ta nan yake sauke ɗan fayil da ke gaya masa inda taurarin za su kasance cikin 'yan kwanaki masu zuwa. In fayil ɗin ya tsufa, dole agogon ya saurari bayanin daga taurarin da kansu, wanda suke maimaitawa duk daƙiƙa 30, kuma in wani abu ya tare siginal a tsakiya sai ya jira wani zagayen. Fita fili, nesa da bango da rumfar kwano, tsaya cak, fuskar agogon tana kallon sama. Idan alamar siginal ta zama kore, ƙara daƙiƙa 30 zuwa minti ɗaya kafin ka danna. Yi miƙe-miƙen jikinka a wannan lokacin, ba asara ba ce.

Mataki na uku: gyara saitin

Shiga saitin motsa jiki ka duba abu uku. Na ɗaya, taurarin da yake amfani da su. Ban da GPS na Amurka akwai GLONASS na Rasha, Galileo na Tarayyar Turai da BeiDou na Sin. Zaɓi wanda ya haɗa su duka, domin yawan taurari yana taimakawa a lungun da sama ba ta buɗe ba. In agogonka yana karɓar siginal a zango biyu, wato L1 da L5, kunna shi duk lokacin da za ka ratsa cikin gari ko ƙarƙashin itatuwa. Yana cin batir, amma shi ne gyara mafi girma da aka samu a agogunan nan.

Na biyu, kashe yanayin tattalin batir. A agogunan Garmin sunansa UltraTrac. Aikinsa rage yawan lokutan da agogo yake duba inda kake, don haka yana yanke kwana, nisan ya fito a gajarce. An yi shi ne don masu tafiyar yini guda a daji, ba don gudun awa ɗaya ba. In akwai zaɓin adana bayani kowace daƙiƙa, ɗauke shi.

Na uku, tsayawa da kansa, wato agogo ya dakatar da lissafi duk lokacin da ka tsaya. In hanyarka tana da tsallaka titi inda za ka jira trotro da pragya su wuce, kunna shi ko ka dakatar da hannu, saboda agogon da ke tsaye wuri ɗaya yakan ci gaba da tara mitoci kaɗan-kaɗan yayin da lissafinsa yake yawo.

Mataki na huɗu: gwada shi a nisan da aka sani

Nan ne aikin yake. Filin tsere irin na filin wasa na Baba Yara ko na Paa Joe da ke KNUST shi ne ma'auni, in an ba ka izinin shiga. Layi na farko, na can ciki, mita 400 ne cif, kuma ana auna shi ne santimita 30 daga gefen ciki. Faɗin kowane layi mita 1.22 ne, saboda haka duk layin da ka matsa waje yana ƙara mita 7 zuwa 8 a zagaye. Wanda ya yi zagaye goma a layi na huɗu ya yi kusan mita 4,220, ba 4,000 ba. Mutane da yawa suna zargin agogonsu alhali layin da suka bi ne ya jawo bambancin.

Yi zagaye goma a layi na farko da saurin da ka saba, ka fara ka ƙare a kan alama ɗaya. In agogon ya nuna kilomita 4.08, rarar mita 80 ce. Raba 80 da 4,000, ka ninka da 100, ka samu kashi 2 cikin ɗari. Maimaita a ranaku uku daban-daban, domin taurarin ba sa zama wuri ɗaya kuma sakamakon rana ɗaya ba hujja ba ce. Ka sani cewa filin tsere jarrabawa ce mai wuya ga GPS, tunda fiye da rabin tafiyar lanƙwasa ce. Agogunan Garmin da Coros da yawa suna da yanayi na musamman don filin tsere, inda kake gaya musu layin da kake. Kada ka yi gwajin da shi, zai ɓoye maka kuskuren da kake nema.

Sai gwaji na biyu a miƙaƙƙen titi mai buɗaɗɗiyar sama. Auna kilomita 2 da ma'aunin nisa na Google Maps daga wata alama zuwa wata, ka bi ka dawo. Kuskuren kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari a nan ba abin damuwa ba ne. In ya haura kashi 5 a buɗaɗɗen wuri, kuma ya maimaitu, koma kan mataki na biyu da na uku, ka sabunta manhajar agogon.

Mai agogon ƙirgen taku kuwa, ya yi tafiyar mita 100 a miƙaƙƙen ɓangaren filin yana ƙirgawa. Taku 130 na nufin kowane taku santimita 77 ne. Sa wannan a manhaja in ta ba da dama, ka tabbatar tsayinka da ka rubuta daidai ne. Auna na gudu daban, ya fi na tafiya tsawo. Ga mai Apple Watch, kamfanin ya ce a yi tafiya ko gudu na minti 20 a shimfiɗaɗɗen fili don agogon ya koyi takunka.

Abin da ke ɓata lissafi a Kumasi, da abin da ba ruwansa

Siginal yana karo da bango da gilashi da rufin kwano ya dawo, sai ya iso agogo a makare, agogon ya ɗauka kana wani gefen titi. Tsakanin benayen Adum da matsattsun lungunan zango wannan ya fi yawa, kuma yakan ƙara nisa, domin layin ya zama zigizag. Manyan itatuwan harabar KNUST ma suna raunana siginal, musamman in ganye ya jiƙe da damina. Buɗe taswirar bayan ka gama, ka faɗaɗa ta, za ka ga daidai inda layin ya kauce.

Hadari da ruwan sama da ƙurar hunturu ba su da wani tasiri a kai. Tuddan garin ma haka: gangare mai hawa mita 10 a kowane mita 100 bai ƙara wa nisa fiye da rabin kashi ɗaya cikin ɗari.

Akwai kuma wani abu na yankinmu. Gana tana kusa da layin da ya raba duniya gida biyu, arewa da kudu, inda wani sashe na sararin sama can nesa yake rikicewa bayan faɗuwar rana har zuwa wajen tsakar dare, ya sa siginal ɗin taurari yin rawa. Ya fi tsanani wajen Maris da Afrilu, da Satumba da Oktoba. Masu gudu bayan isha'i, kamar yadda ake yi da azumi, za su iya ganin taswirarsu ta fi ta safiya karkacewa a wasu darare. Don haka yi gwajinka da safe.

A ranar gasar tsere, kada ka yi mamaki in agogo ya nuna fiye da kilomita 42.195 na gudun marathon ko 21.1 na rabinsa. Ana auna hanyar gasa da keke mai na'urar ƙirge, a bi layi mafi gajarta a kowace kwana, a ƙara mita 1 a kowace kilomita don kada ta gaza. Kai kuwa kana kewaye mutane, kana ratsewa wajen ruwan sha. Danna maɓallin zagaye da hannunka a kowace alamar kilomita da aka kafa a bakin hanya, ka lissafa saurinka da ita.