Ga mai shirin zuwa Landan da ɗan guziri

Salam 'yan uwa. Landan gari ne mai cin kuɗi, amma da dabara ɗan guzirinku zai kai ku.

Masauki ne ke cinye aljihu. Ku nemi ɗakin haɗaka na matafiya, gado kawai za ku biya, kuma ku zaɓi mai kicin don ku riƙa dafa abincinku. Ku guji tsakiyar gari.

Bas ta fi jirgin ƙarƙashin ƙasa araha nesa ba kusa ba. Tun 2014 ba a karɓar tsabar kuɗi a cikinta, sai katin sufuri na Oyster ko katin banki na taɓawa. Idan kun taɓa sau ɗaya, duk bas ɗin da kuka sake hawa kuka taɓa katin cikin awa ɗaya kyauta ce. Ku hau benen bas ɗin ku zauna gaba, garin zai buɗe muku.

Gidan tarihi na British Museum da gidan zane-zane na National Gallery ba a biyan ko sisi a shiga. Ni dai na farkon ya fi taɓa min zuciya, ku ba shi yini guda.

Ruwan famfo ana sha, ku riƙe gora. Abincin halal mai sauƙi kuwa yana Whitechapel, kusa da babban masallacin Gabashin Landan.