Kurakuran da Sababbin Masu Lambu ke Maimaitawa

Duk lambun sabon shiga da na leƙa a yankin Dadin Kowa sai in tarar an share ƙasa ƙal kamar tsakar gidan amarya, mai lambun kuma yana ganin hakan shi ne ƙwarewa. Ƙasar da aka bari tsirara rana ce ke gasa ta a watan Afrilu, ruwan farko kuma ya kwashe samanta ya zuba a kogin Gongola. Manoman inabi da yawa a Faransa da Kaliforniya sun daina wannan shara, suna shuka ciyayi da dangin wake a tsakanin layuka domin riƙe danshi da ƙara wa ƙasa ƙarfi. Ni wake nake zubawa tsakanin bishiyoyi da damina, da rani kuma in shimfiɗa busasshiyar ciyawa, amma ba na bari ta taɓa gindin itace saboda gara.

Kuskuren da ya fi cina shi ne feshi. Wata shekara na ga 'yan ƙwari a kankanata, zuciya ta ɗebe ni, na cika famfo da magani na bi gonar da sassafe, daidai lokacin da furanni suka buɗe kuma ƙudan zuma suka cika su. Washegari gonar ta yi tsit. Kankana tana fitar da furen namiji daban, na mace daban, kuma in babu mai kai garin wannan zuwa wancan, 'ya'yan sai su motse su zube. Yabanya ta yi kore shar, amma abin da na ɗiba bai biya kuɗin man injin ban-ruwa ba. Abin takaicin shi ne har yau ina ganin samari suna yin haka, wasu ma su ninka adadin da aka rubuta a jikin kwalba, wai don maganin ya fi kamawa! Wa ya gaya muku duk abin da ke motsi a gona maƙiyi ne? Yanzu ruwan dakakken ƙwallon darbejiya da ya kwana a jiƙe nake fara gwadawa, kuma ba na feshi sai gab da magariba, bayan zuma ta koma gida.

Sai batun mujiya, wadda muke jifa saboda camfi, alhali a gonakin inabin kwarin Napa da ke Kaliforniya akwatuna ake kafa mata a kan dogayen sanduna don ta riƙa farautar ɓeraye da dare. Na daina korarta, kwaɗi da ƙadangaru ma na bar su.

Kada a dasa bishiyar turare kusa da rijiya ko kayan lambu, shan ruwansa ya yi yawa. Gawo kuwa a bar shi, tunda da damina yake zubar da ganye, ba ya tare wa shuka rana. A daina ƙona yayi, a tara shi a rami ya ruɓe. A ajiye kasko da ruwa a inuwa, a jefa 'yan duwatsu a ciki don zuma ta sami wurin sauka, a kuma riƙa sauya ruwan duk bayan kwana biyu saboda sauro.