Yadda ake tabbatar da iyayen ɗan kwikwiyo ta gwajin DNA kafin ka biya kuɗi

Bara wani maƙwabcina a unguwar Ali Ɗan Sofo ya sayi ɗan kwikwiyo wurin wani mutum da ke shigowa da su Maraɗi ta hanyar Jibiya. An ce masa tsantsar jinin karen Jamus ne, wanda muke kira berje. Hujjar da aka ba shi ita ce hoto a waya: wani ƙaton kare a tsaye, kunnuwa a miƙe. "Alhaji, ga uban nan, kai ma ka gani." Ya biya, ya kai gida don gadi. Wata takwas kunnuwa ba su tashi ba, jela ta naɗe sama, jiki siriri irin na karnukanmu na gari. Karen yana haushi, yana gadinsa, amma ba abin da aka sayar masa ke nan ba, kuma mai sayarwa ya daina ɗaukar waya.

Ido ba ya raba wannan gardama, domin ɗan kwikwiyo mai wata ɗaya ko biyu ɗan ruwa biyu da tsantsar jini duk kamarsu ɗaya. Gwajin ƙwayoyin halitta ne ke rabawa, wato DNA, ko ADN a takardun Faransanci.

Kafin komai, ka san irin gwajin da za ka nema, don iri biyu ne kuma nan ne mutane ke asarar kuɗi. Akwai na gano jinsi, irin na kamfanonin Embark da Wisdom Panel na Amurka, masu kwatanta karenka da bayanan karnukan da suka tara, su ce kashi kaza berje ne, kashi kaza wani abu. Yana da amfani, amma ƙiyasi ne, kuma ba ya nuna wane kare ya haifi wane. Wanda kake buƙata shi ne gwajin iyaye. Kare yana da sandunan gado 78, rabi daga uwa, rabi daga uba. Ɗakin gwaji yana duba wurare kusan ashirin a cikinsu, bisa tsarin ISAG, ƙungiyar masana ƙwayoyin halittar dabbobi ta duniya, kuma a kowane wuri dole alama ɗaya ta ɗan ta fito daga uwa, ɗayar daga uba. Saboda haka samfur uku ake so: na ɗan, na karyar, na karen da ya yi barbara. Idan babu na uban, aikin ya gurgunce.

Mataki na gaba, ka je ka ga iyayen da idonka, tun 'ya'yan suna shan nono. Karya tana ɗaukar ciki kwana 63 ko kusa da haka, ka tambayi ranar barbara da ranar haihuwa ka lissafa. Ka kuma nemi takardun asalin iyayen. Wannan yana da nauyi ƙwarai: gwajin zai tabbatar maka cewa wannan kare ne uban, amma ba zai ce uban tsantsar jini ba ne. Takardar asali ce ke faɗin hakan, irin ta LOF, littafin rajistar karnuka masu asali na Faransa da aka buɗe tun 1885, ko ta AKC, ƙungiyar rajistar karnuka ta Amurka, ko ta wata ƙungiya da ke ƙarƙashin FCI, tarayyar ƙungiyoyin rajistar karnuka ta duniya. Kuma takarda ba ta da amfani sai an ɗaure ta da jikin karen. Abin da ke ɗaure su shi ne 'yar na'ura kamar ƙwayar shinkafa da ake sawa ƙarƙashin fata, mai lambobi 15. A ɗora abin karantawa, lambar da ta fito ta zama daidai da ta takarda.

Sai ku yi magana ta kuɗi a gaban shaidu biyu. Ka ce masa: "Malam, zan ba da kafin alƙalami, sauran sai sakamako ya fito. In ya yi daidai, kuɗin gwaji a kaina. In bai yi ba, ka mayar mini da nawa." A rubuta, kowa ya sa hannu. Na lura mai kiwo na gaskiya ba ya jin haushin wannan magana, har murna yake yi, don sakamakon zai ƙara wa sauran 'ya'yan daraja. Wanda ya fara cewa uban ya yi tafiya, ko yana Legas, ko mai shi ba ya so a taɓa shi, ka yi masa sallama cikin mutunci ka tafi.

Daga nan ka zaɓi ɗakin gwaji ka rubuta musu ta intanet. Akwai Antagene a Faransa, wanda zai fi wa mai Faransanci sauƙi, da Laboklin a Jamus, da ɗakin gwajin dabbobi na Jami'ar Kalifoniya da ke Dabis, da na Onderstepoort a Jami'ar Firitoriya ta Afirka ta Kudu. Za su aiko da tsinken auduga na musamman da takardar cikewa, su faɗi yadda ake biya da abin da za a rubuta wa 'yan duwan.

Ɗaukar samfur shi ne wurin da ya kamata ka natsu. Ka tafi da likitan dabbobi, kuma ka tsaya a yi a gabanka; kada ka yarda a ce za a ɗauka a aiko maka. A raba ɗan kwikwiyon da uwarsa da 'yan uwansa kamar awa ɗaya zuwa biyu kafin lokacin, ba nono, ba abinci, ba kwanon ruwa na tarayya. Dalili kuwa, nonon uwa yana ɗauke da ƙwayoyin halittarta, kuma 'yan kwikwiyo suna lasar juna, sai samfur ya gauraya. Likita ya sa safar hannu, ya sa tsinken tsakanin dasashi da kumatu, ya murza sosai na daƙiƙa goma sha biyar zuwa talatin. Fatar cikin kumatu ake so, ba yawu ba. Ya canza safa kafin ya taɓa wani karen. A bar tsinken ya bushe a inuwa, cikin ɗaki, kada ya taɓa komai. Lokacin hunturu a rufe taga saboda ƙura. Sannan a sa a ambulan na takarda. Kada a sa a leda, don zafin Maraɗi da danshi za su sa ya yi fumfuna kafin ya kai Yamai.

Kowane ambulan a rubuta masa suna, jinsi, rana da lambar na'ura. In ɗan ba shi da na'ura, a sa masa a ranar, ko aƙalla ka ɗauki hotonsa ta ko'ina, har da tabon ƙirji da na ƙafafu. Ba ka so a gwada wannan a miƙo maka wancan.

Abu ɗaya da mutane da yawa ba su sani ba: haihuwa ɗaya tana iya zama da uba biyu. Karya a lokacin zafinta, in katanga gajeriya ce, karen unguwa zai haura bayan an gama barbara da na kirki, mai gida ma bai sani ba. Don haka sakamakon ɗan uwansa ba naka ba ne. Wanda za ka ɗauka shi za a gwada. Idan kuma akwai maza biyu a gidan masu dangantaka, kamar wa da ƙane ko uba da ɗa, a ɗauki samfurin duka biyun, a kuma shaida wa ɗakin gwajin.

Sakamako yakan zo ta imel bayan makonni kaɗan. Ka sa a aiko maka kai tsaye, ba ta hannun mai sayarwa ba. Zai nuna ko iyayen sun dace, ko an fitar da ɗaya. Saɓani a wuri ɗaya tak yana iya zama canjin halitta, sai su ƙara duba wasu wuraren. Saɓani a wurare da yawa kuwa, ba shi ne uban ba.

In ya dace, ka koma da likitan, a sake karanta lambar a jikin ɗan, ka biya sauran kuɗin. Ka bar shi wurin uwarsa har ya cika mako takwas, ka karɓi katin rigakafinsa, ka kuma rubuta ranar da zai cika wata uku don allurar haukan kare.