Kurakuran da muke yi wa yaron da Allah Ya haɗa masa baiwa da lalura

Kusan kowane ƙarshen zangon karatu sai wani uba ya yi mini sallama a gida, nan Talata Mafara, riƙe da takardar sakamakon ɗansa, ya zauna a zaure ya faɗi maganar da na riga na haddace: "Allah gafarta Malam, yaron nan ya fi kowa kai a gidana, amma ga shi kullum shi ne na kusa da ƙarshe a aji." Na yi shekara 26 ina koyarwa a firamare, kuma na gaji da ganin iyaye da sababbin malamai suna faɗawa ramin da ni kaina na faɗa, ramin da har yau ban gama fita daga cikinsa ba.

Yaron da nake nufi shi ne wanda Allah Ya ba kaifin basira fiye da tsaransa, kuma a lokaci guda Ya jarrabe shi da wata lalura a yadda ƙwaƙwalwarsa take aiki. Wani haruffa ne ba sa haɗuwa masa su zama kalma, abin da likitoci ke kira disleksiya. Wani natsuwa ce ta gagare shi, ba ya iya zama wuri ɗaya ko kammala abin da ya fara, wannan ita ce ADHD. Wani kuma otizim ne, wanda wasu ke kira galahanga, ya iya lissafin da ya fi ƙarfin ajinsa amma hayaniya da cuɗanya da mutane suna gigita shi. Tushen dukkan kurakuranmu shi ne mun ɗauka taura biyu ba ta taunuwa, wato yaro ko dai mai kai ne ko kuma mai matsala, alhali ga su nan a azuzuwanmu ɗauke da duka biyun, baiwar tana rufe lalurar, lalurar kuma tana danne baiwar, har a ga kamar yaron matsakaici ne kawai wanda ba ya buƙatar komai.

Babban kuskuren, wanda ya fi kowanne ɓarna, shi ne a ce: "Ai yana da kai, da gangan yake yi." A kan ɗan farina na yi wannan. Yana ɗan shekara 7 ya haddace izu 5, kusan duka daga sauraron manyan ɗalibai a makarantar allo. Yana ɗan shekara 9 muka je gonar rani da ke shan ruwan Bakolori, ya tsuguna yana kallon makanike yana kwance injin ban ruwa, sau ɗaya tak, bayan mako guda injin ya sake tsayawa, ya ce mini fulogi ne ya yi baƙi, aka duba aka tarar haka ne. Amma wannan yaron, a wannan shekarar, ba ya iya karanta layi ɗaya na littafin aji 2 ba tare da ya yi ta in'ina yana cankar kalmomi ba. Ni kuwa malamin makaranta ne, 'ya'yan mutane suna koyon karatu a hannuna, sai na yanke hukuncin cewa lalaci ne da raini. Shekara 2 cur, tsakanin Magariba da Isha'i, ina zaunar da shi gaban fitila, littafi a hannunsa, bulala a nawa. Kalmar da ya karanta daidai jiya sai ya kasa ta yau, ni kuma in ɗauki hakan a matsayin hujjar cewa wasa yake yi da hankalina, ban san cewa wannan rashin tabbas ɗin shi ne ainihin alamar lalurar ba.

Abin da bulalar ta haifar shi ne ciwon ciki kowace safiyar makaranta, da yaron da ya daina yin tambaya, shi da a da ba ya barin kowa ya huta da "don me" da "ta yaya". Wata rana na ji shi ta bayan danga yana ce wa mahaifiyarsa: "Inna, ki roƙi Baba ya bar ni in bi shanu, ni kaina ne ya lalace." Mahaifiyata, Allah Ya jiƙanta, ita ce ta kira ni ɗakinta ta ce: "Kai Malam, kana karantar da 'ya'yan gari, naka kuwa ka kasa karantarsa. Wanda ya riƙe Alƙur'ani a ka ba daƙiƙi ba ne. Ka sauke mini bulalar nan daga kan mijina." Ina faɗa wa duk uban da yake yin abin da na yi, da babbar murya, cewa ya ji tsoron Allah. Babu yaron da zai zaɓi duka kullum alhali yana da ikon kauce masa da karanta layi ɗaya. In ka ga yaro mai fahimta ya shekara yana shan bulala a kan abu guda bai canza ba, to ka bar zargin niyyarsa, ka fara binciken abin da ya tare shi.

Sai da na je wani kwas na hutun dogon zango na ji labarin da ya sa ni hawaye a cikin aji. A shekarar 1896 wani likita a Ingila mai suna Pringle Morgan ya rubuta bayanin wani yaro ɗan shekara 14, mai wayo, gwanin wasanni, mai iya lissafi, wanda ko sunansa ba ya iya rubutawa daidai, kuma malaminsa ya ce da a ce da baki kawai ake koyarwa, da shi ne zai fi kowa a makarantar. Sama da shekara 100 ke nan da sanin wannan lalura, ni kuwa ina dukan ɗana a kanta. Matsalar ba ta ido ba ce, ba ta hankali ba ce, tana wajen haɗa harafi da sautinsa ne, kuma takan bi jini a dangi. Gyaran da na yi, wanda har yau shi nake ba iyaye, shi ne na ajiye littafin Turanci gaba ɗaya na wata 6, muka koma Hausar boko, domin a Hausa harafi yakan riƙe sauti ɗaya, ba kamar Turanci da harafi guda zai yi sauti uku ba. Minti 15 kawai a rana, da safe kafin ya gaji, yana rubuta harafin da yatsa a kan rairayi yana furta sautinsa, daga nan mu haɗa gaɓa, ba, bi, bu, sannan kalma. Sauran darussa kuwa, kimiyya da tarihi, ni nake karanta masa yana saurara, domin bai kamata iliminsa ya tsaya jiran idonsa ya iya bin layi ba. Wasu abokan aikina suna ganin jinkirta Turanci asara ce. Ni abin da na gani da idona nake faɗa.

Kuskure na biyu da ya ci ni shi ne kunya. A wurinmu uba ba ya tsaya wa ɗan fari a bainar jama'a, ko sunansa ba ya kira, balle ya je makaranta ya ce ɗansa yana da baiwa. Na yi ta jin ana kiransa dolo a makarantar da yake, na yi shiru don kada a ce na yi rashin kara. Alkunya ado ce a inda ta dace, amma a nan ta bar yaro shi kaɗai a gaban waɗanda ba su fahimce shi ba. Ranar da haƙurina ya ƙare kuma, bayan an sa shi maimaita aji, sai na tafi da fushi, na ɗaga murya a ofishin hedimasta a gaban malamai, na fito na ƙara wa ɗana maƙiya. Duka biyun kuskure ne. Yanzu abin da nake koya wa iyaye shi ne su sayi littafin rubutu guda, su yi wata 1 suna rubuta abin da suka gani da kwanan wata: yau ya bayyana yadda ruwa ke hawa tanki, yau ya kasa kwafe layi 3 daga allo. Sannan su nemi malamin aji shi kaɗai, a keɓe, bayan an tashi, su fara da godiya, domin mai fama da yara 80 a aji ɗaya ya cancanci a gode masa. Kada a ce masa "ku kula da ɗana", wannan ba roƙo ba ne da za a iya aiwatarwa. A roƙi abu biyu ƙanana: a zaunar da shi a gaba, a daina tayar da shi ya yi karatu a gaban aji ba shiri, ko a yi masa tambayoyin gwaji da baki. Wanda kunya ta hana, ya tura kawun yaron ko gwaggonsa. Yana da kyau kuma uba ya san cewa ba alfarma kawai yake nema ba, domin dokar hana nuna bambanci ga masu buƙata ta musamman ta 2018, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta tabbatar musu da 'yancin ilimi ba tare da wariya ba, kuma Manufar Ilimi ta Ƙasa ta sanya yara masu baiwa cikin waɗanda ake bin gwamnati bashin ilimi na musamman dominsu. Amma ka riƙe wannan a aljihu, kada ka buɗe taro da shi.

Akwai masu hana yaro abin da yake ƙauna a matsayin horo, su ce ba zai ƙara zuwa wajen makanike ba sai ya ci jarrabawa. Wannan toshe taga ɗaya ce da iska ke shigo masa. Temple Grandin, Ba'amurkiya mai otizim wadda ba ta fara magana ba sai da ta haura shekara 3, son shanu ne ya kai ta ga zama farfesar kimiyyar dabbobi a Jami'ar Jihar Colorado, kuma tsarin shingen bi da shanu da ta ƙirƙira ya bazu a mayankan ƙasarsu. Ni Asabar na ware wa yarona, ko ya ci ko ya faɗi, yana wajen injuna.

Wasu kuma da zarar sun ga yaro ba ya haɗa ido da mutane ko yana toshe kunne a taron biki, sai su ce iska ce ko sammu ko kambun baka, su tsaya nan. A yi addu'a, ni ma ina yi, amma a haɗa da asibiti. A fara da gwajin ido da kunne, domin yaro da yawa allo ne kawai ba ya hangowa. Mu mutanen Zamfara muna da ƙarin dalili, tun bayan gubar dalma ta 2010 da ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, domin dalma tana taɓa ƙwaƙwalwar wanda ya tsira. Duk yaron da ya tashi inda ake niƙa dutsen zinariya, a nemi a auna jininsa. In abin na natsuwa ne ko otizim, Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware a Jihar Sakkwato ba shi da nisan da zai gagara, kuma zuwa can ba ya nufin ɗanka mahaukaci ne.

Kada a yanke hukuncin cewa yaro yana da disleksiya don kawai yana juya harafin b da d, domin ƙananan yara da yawa suna yin haka har wajen shekara 7 sannan su daina. Kada a mai da yaro abin nuni, a riƙa kiran baƙi yana yi musu lissafi, domin hankalinsa na iya zama na ɗan shekara 14 alhali zuciyarsa ta ɗan shekara 8 ce. Tsallake aji yana yi wa wasu amfani, amma ba a yin sa don uba ya yi alfahari a majalisa. Ita kuwa yarinya mai shiru, wadda ba ta damun kowa, ita ce aka fi mantawa, har a cire ta daga makaranta ba wanda ya taɓa tambayar abin da ke kanta. Masu burin Makarantar Gwamnatin Tarayya ta masu baiwa da ke Suleja, wadda hukumar NECO ke shirya jarrabawar shigarta, su nema, ƙofa ce mai kyau, sai dai su sani jarrabawa ce ta takarda da agogo, kuma faɗuwar yaro mai disleksiya a cikinta ba ta soke baiwarsa.

Abin da na makara wajen yi shi ne gaya wa yaron gaskiyar lamarinsa. Na gyara hanyar koyarwa, na sauke bulala, amma girman kai na uba ya hana ni zaunar da shi in ce masa kansa lafiya lau yake, lalura ce mai suna, kuma ni ne na yi kuskure. Sai da ya kai shekara 17 na iya furta hakan, a kan hanyarmu ta dawowa daga gona. Ya sunkuyar da kai ya ce: "Baba, ba komai, ya wuce." Yanzu yana haɗa famfunan ban ruwa masu aiki da hasken rana, manoma daga Bakura har Maradun suna nemansa, yana karanta takardun injuna a hankali, saƙonsa kuma kullum na murya ne. Amma har yau, in muna zaune bayan Magariba na miƙa hannu zan ɗauki littafi, sai in ga ya ɗan ja jikinsa baya, ba tare da ya san ya yi ba.