Yadda Ake Haɗa Kifin Loc da Jatan Lande da Ƙananan Kifaye a Tanki Ɗaya

Loc kifin ado ne da ake ajiyewa a tankin gilashi, kuma a ƙasan ruwa yake kiwo. Yana da gashin baki irin na tarwaɗa, da shi yake laluben yashi yana neman tsutsa, katantanwa, da duk wani ɗan abu mai motsi da zai shige bakinsa. 'Ya'yan jatan lande kuwa, da ba su wuce milimita biyu ba ranar ƙyanƙyasa, daidai bakin nasa suke. Don haka tun a wurin sayen kifi ake yanke zaman lafiyar tankin.

Mataki na farko: zaɓi loc ɗin da ya dace

A nan aka fi yin kuskure, domin a shago duk ƙanana ake ganinsu. Kilawun loc, mai ruwan lemo da baƙin zane uku, daga Sumatara da Borniyo, ana sayar da shi kamar tsawon yatsa, amma yana kai santimita 25 zuwa 30, kuma yana iya haura shekara 20. Ba ya barin katantanwa balle jatan lande. Haka ma yoyo loc na Indiya da Nefal, wanda ke kai wajen santimita 13. Waɗannan biyun ka cire su daga lissafi. Akwai ɗan ƙaramin loc mai zanen sarƙa daga Tailan, Ambastaia sidthimunki, santimita 6 kacal, sai dai mafarauci ne da rana tsaka, yana ƙarar da 'ya'yan jatan lande.

Wanda ya fi dacewa shi ne Kuhli, daga Indonesiya da Malesiya: siriri kamar ɗan maciji, santimita 8 zuwa 10, bakinsa ƙarami kuma yana kallon ƙasa. Ba ya taɓa manyan jatan lande. Ɗan da ya ci karo da shi cikin dare zai iya haɗiye shi, wannan asara ce da za ka yarda da ita tun farko. Sewellia na Biyetnam, mai manne wa dutse yana kankarar gansakuka, ya fi Kuhli aminci, amma yana son ruwa mai gudu da sanyin digiri 20 zuwa 24, abin da ke da wuya a wuri mai zafi.

Kuhli shida ne mafi ƙaranci. Biyu ko uku ɓuya kawai za su yi, sai ka yi wata ba ka gan su ba.

Mataki na biyu: shirya tanki

Nemi tankin lita 75 ko fiye, mai tsawon santimita 60 aƙalla. Faɗin ƙasa ya fi zurfi muhimmanci. Shimfiɗa yashi mai laushi, kaurin santimita 3 zuwa 4, bayan ka wanke shi har ruwan ya daina gurɓacewa. Tsakuwa mai kaifi tana cinye gashin bakin loc, raunin kuma ya zama ƙofar cuta.

Maɓoya iri biyu za ka yi, kuma kada ka haɗa su wuri ɗaya. Ta loc: guntun bututun roba, ɓawon kwakwa da aka kife, ko ice mai rami. Ta jatan lande: curin gansakukar Jaba mai kauri kamar dunƙulen hannu biyu, a ɗaure a kan ice sama da ƙasan tankin, da tarin ƙananan duwatsu masu tsagar da kan loc ba zai shiga ba. Wannan curin shi ne ɗakin renon 'ya'yan, a ciki suke ci, a ciki suke ɓuya. Ƙara da Anubias, tsiron da asalinsa daga dazuzzukan Afirka ta Yamma da ta Tsakiya ne, har da kudancin Najeriya da Kamaru. A ɗaure shi a ice ake yi, in ka binne jijiyarsa mai kauri ruɓewa take yi.

Matatar soso ita ce mafi sauƙi. In wata iri kake da ita, sa soso a bakin da take zuƙar ruwa, in ba haka ba za ta zuƙe 'ya'yan jatan lande, Kuhli ma ya kutsa ciki. Sai murfi marar kafa, don Kuhli yana fita ta ramin da waya ta bi.

Mataki na uku: bar ruwan ya nuna

Kunna matata babu kifi, kana ɗan zuba abincin kifi, har sati 4 zuwa 6. Kada ka sa komai sai awon ruwan ya nuna amoniya 0, naitarait 0, naitaret ƙasa da miligiram 20 a lita; waɗannan sinadarai ne da ke taruwa daga kashin kifi da ruɓaɓɓen abinci. Zafi ya tsaya a digiri 24 zuwa 26, pH (ma'aunin tsamin ruwa) tsakanin 6.5 da 7.2. Kuhli ya fi son ruwa mai taushi, wato mai ƙarancin ma'adinai, jatan lande kuma yana buƙatar sinadarin kalsiyam don ɓawonsa, to GH (ma'aunin yawan ma'adinai irin su kalsiyam a ruwa) wajen 6 ne inda suke haɗuwa.

Mataki na huɗu: wa zai fara shiga

Jatan lande ne. Sa jajayen nan da ake kira ceri guda 15 zuwa 20, ka saba musu da ruwan ta siririn tiyo, ɗigo-ɗigo, awa ɗaya zuwa biyu. Macen tana ɗaukar ƙwai 20 zuwa 30 a ƙarƙashin cikinta kusan wata guda. Ka jira sati 6 zuwa 8, har ka ga 'ya'ya suna yawo a gansakuka. Garken da ya riga ya yawaita yana jure ɗan abin da loc zai tsinta, wanda aka zuba wa loc tun ranar farko kuwa ba ya tashi. In ba hayayyafa kake so ba, ɗauki jatan landen da ake kira Amano: yana kai santimita 5, kuma 'ya'yansa ba sa rayuwa sai a ruwa mai gishiri-gishiri.

Daga nan sai ƙananan kifaye goma iri ɗaya, kamar cili rasbora ko emba tetira, masu ƙaramin baki. Loc ne na ƙarshe, bayan sati biyu.

Amma kafin loc ya shiga, killace shi a wani tanki sati 2 zuwa 4. Dalilin yana da nauyi. Loc na saurin kamuwa da cutar farin ɗigo, wadda ke fitowa kamar an barbaɗa masa gishiri. In ta ɓulla a babban tanki ka shiga tsaka mai wuya: maganin da ke ɗauke da jan ƙarfe yana kashe jatan lande, shi kuma loc ɓamɓarokinsa ƙanana ne ƙwarai, magani na saurin ratsa shi, shi ya sa ake fara masa da rabin awo. A tankin killacewa kaɗai za ka yi magani hankali kwance. Wajen kama shi yi amfani da kofi, domin yana da 'yar ƙaya a ƙarƙashin ido da ke maƙalewa a raga.

Mataki na biyar: abinci da canjin ruwa

Ciyar da ƙananan kifaye da rana. Bayan ka kashe fitila, jefa wa loc abinci mai nutsewa, sau biyu a sati kuma ka ba shi daskararrun jajayen tsutsotsi. Loc mai yunwa shi ke shiga gansakuka farauta.

Canza kashi 20 cikin 100 na ruwan duk sati, da ruwan da aka cire wa kulorin, mai zafi daidai da na tankin, kuma a zuba a hankali. In ka ga jatan lande na mutuwa kwana ɗaya ko biyu bayan canji, da farin layi zagaye da bayan kansa, saɓa ce ta gagara, yawanci saboda canjin ya yi yawa ko GH ya kauce. Ɓawon da ya saɓe kuwa ka bar shi a ciki, cinyewa suke yi.

Lokacin bazara, in ruwa ya doshi digiri 30, iskar da ke cikinsa tana raguwa. Maye murfin da raga mai ƙananan ido, ka sa fanka ta riƙa hura saman ruwan, hakan na rage digiri biyu zuwa uku. Inda ake yawan ɗauke wuta, ajiye famfon iska mai batir kusa da tankin, ka jona shi da matatar soso da zarar wuta ta tafi.