Yadda ake haɗa aikin bidiyo na baje koli daga tsofaffin finafinan batsa na maza

Abin da nake nema a finafinan batsa na maza masu neman maza na shekarun 1970 shi ne abin da kyamara ta kama a gefe: titin Los Angeles da rana tsaka, labulen ɗakin haya, saurayi a tsaye yana jiran wani. Da yawa cikin mutanen nan ƙanjamau ta ɗauke su bayan 1981, kuma fuskar wasu a nan kaɗai ta rage. William E. Jones, mai shirya fim ɗan Amurka, ya bi wannan hanya a aikinsa V.O. na 2006: ya tsame wuraren da babu jima'i, ya ɗora musu sautin wasu finafinai, mafi yawansu na Turai.

Fara da zaren fim ɗin kansa, 16mm ne (mai faɗin milimita 16) ko Super 8 (mai faɗin milimita 8). Buɗe gwangwanin ka shinshina. In ka ji tsami mai kaifi, zaren ya fara ruɓewa. Ware shi daga sauran, ka kai a kwafe shi hoto-hoto zuwa kwamfuta ba tare da jinkiri ba. Kula da gudu sosai. Super 8 marar sauti yawanci hoto 18 ne a daƙiƙa, 16mm mai sauti kuwa 24. In ka gwama su, tafiyar mutane za ta koma gaggawa, natsuwar da kake nema ta gudu.

Kada ka goge ƙarce da dusashewar launi, su ne shaidar shekarun zaren. Bar hoton a ma'auninsa na 4:3 (faɗi 4, tsayi 3), faɗaɗa shi yana sare kawuna. Nemi izinin mai haƙƙin mallaka tun kafin ka fara yanka, ko da kamfanin ya rushe.

Wajen yanka nake daɗewa. Mai kallo zai shigo a tsakiya ya fita lokacin da ya so, don haka aikin ya riƙa zagayowa ba a ganin mahaɗa. Kallo ɗaya da wani ya yi wa kyamara, in ka rage masa gudu, ya isa ya riƙe bango guda. Ban yarda a mai da waɗannan mutane abin dariya ba.

Ɗakin ya yi duhu, bangon gefe a shafa masa fenti mai toka don kada haske ya dawo kan hoton. Rataya majigi a sama, ajiye benci, ka liƙa sanarwa a ƙofa cewa manya kaɗai ke shiga.